Ɗan Argungu zai shiga tekun Zanzibar, yana tambaya ko sai ya koyi wani abu

Wani ƙanenmu daga Argungu ya aiko min da tambaya. Wurin aikinsu za su kai su taro Zanzibar, zai tafi da iyalinshi, kuma cikin tsarin tafiyar an ware yini guda za a fita da su Menai, wani lungun teku a can, cikin jirgin ruwa, su sa gilashin ido da bututun numfashi su kwanta bisa ruwa su kalli kifaye. Yana son ya san ko shi da ya tashi cikin gulbi yana buƙatar wani koyo, ko akwai kifin shak a wurin, ko uwargida da ba ta iya ruwa ba za ta iya shiga, sannan ko zai iya ɗebo ɗan murjani ko katantanwa ya kawo tsaraba.

To ƙanena, harkar kifi da ruwa ita ce aikina, tsakanin Yauri da tafkin Kainji na yi yawancin shi, kuma na zauna Unguja, babban tsibirin Zanzibar, lokacin wani kwas, don haka wurin da za a kai ku na san shi. Abin da zan fara gaya maka ba zai maka daɗi ba: cikin ku biyun kai na fi ji wa tsoro, ba ita ba. Wadda ba ta iya ruwa ba za ta sa laif jaket ba gardama, za ta riƙe tayar da ɗan jagora ke ja, ba za ta yi nisa da jirgi ba. Gwani shi ne zai ce a ba wani jaket ɗin, ya kifa kai ya bi wani kifi mai kala, sai ya ɗago ya ga jirgi ya koma ɗan mitsitsi can nesa kuma ruwa na jan shi waje. A gulbi ka san inda ruwa ya nufa, daga sama zuwa ƙasa ne kullum, ga gaɓa dama ga gaɓa hagu, in ka gaji ka karkata ka kama ciyawa. Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, kuma a Zanzibar bambancin ba wasa ba ne, lokacin da wata ya cika ko ya ɓace ruwan kan tashi ya sauka kusan mita 4. Inda kunka tsaya kan rairayi da hantsi kuna ɗaukar hoto, kafin la'asar teku ta shanye shi ƙurmus. Duk wannan ruwan ta tsakanin tsibirai da duwatsun murjani yake wucewa, a nan jan ruwan yake, kuma daga sama ba ka ganin komai, lumui kamar ba ya motsi. Saboda haka kafin ka faɗa ka tambayi mai jirgi ina ruwa ya nufa yanzu, ka fara iyo kana fuskantar shi tun kana da ƙarfi, dawowa sai ya turo ka. In kuma ya kwashe ka kar ka ce za ka yi kokawa da shi, ka kwanta ka ɗaga hannu su zo su ɗauke ka, ba abin kunya ba ne.

Abu ɗaya da teku za ta taimake ka da shi, gishiri. Kowace lita tana da wajen giram 35, shi ya sa ruwan ya fi na gulbi nauyi kuma jikinka zai fi tasowa, in ka baje hannu da ƙafa ka saki jiki kusan ba ka buƙatar yin komai. Ɗuminshi kuma tsakanin digiri 25 zuwa 29 ne duk shekara, ba za ka ji sanyi da wuri ba.

Bututun nan shi ne ainihin abin koyo, kuma a nan gwanayen gulbi ke shan mamaki. Kai ka saba ka cika ciki da iska ka nutse ka fito ka fesar. Nan akasin haka ake so, fuskarka na cikin ruwa kana numfashi ta baki kaɗai, a hankali, dogo, ba tsayawa. Dalili shi ne iskar da ka fitar ba duka take barin bututun ba, akwai saura da ke maƙalewa ciki, to in kana ɗan guntun numfashi sama-sama da sauri, waccan tsohuwar iskar kake ta maimaitawa, sai ka ji kai na sarawa, ƙirji ya matse, hankali ya tashi, in hankali ya tashi kuma numfashin ya ƙara gajarta, ka ga an shiga zagaye. Maganin kawai ka ja dogo ka fitar dogo. In igiyar ruwa ta zubo maka ruwa cikin bututun, ka hura da ƙarfi sau ɗaya ya fita, numfashin da ke biye ka ja shi a hankali ko da akwai saura. In abin ya ƙi, tofar da shi ka ɗaga kai, shi kenan. Ku gwada wannan a inda ruwa ke kai muku ƙugu, ko a wurin wankan otal tun ana gobe fita, kar ya zama tsakiyar teku ne karon farko da ka sa shi a baki.

Akwai wata al'ada da nake roƙonka ka baro ta gida, wato mutum ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin ya nutse wai don ya daɗe a ƙasa. Abin da ke sa ka ji dole sai ka fito shan iska ba ƙarancin iskar oksijin ba ne, taruwar gurɓatacciyar iska ce a jini, to in ka wanke ta tun farko ka kashe ƙararrawar ke nan, oksijin zai ƙare ba ka ji komai ba, sai dai mutum ya suma cikin ruwa shiru ba ko ihu. Masu ƙarfi da gwanaye take ɗauka. A Hawaii ta Amurka, inda suke bin diddigin wannan abu, kallon kifi da bututu shi ne kan gaba wajen nutsewar baƙi masu yawon buɗe ido, kuma da yawa cikin ruwa mai kwanciya ne, ba shak ba hadari. Duk mai ciwon zuciya, hawan jini da bai daidaita ba, asma, farfaɗiya ko sikila, ya ga likita kafin tafiya. In kana ciki ka ji numfashi na ƙaranci ko ƙarfi ya tafi haka kawai, cire bututun, juya rigingine, kira jirgi. Kuma ba a shiga mutum ɗaya, kowa da abokin da ke duba shi.

Gilashin kuma, ka ɗora shi a fuska ba tare da ka sa igiyar ba, ka ɗan ja iska ta hanci, in ya manne to naka ne, in ya faɗo canza wani. Gemu ba ya hana komai amma gashin baki yana sa ruwa ya riƙa tsiyaya ta ƙarƙashin hanci, ka rage shi sosai kafin ranar. Kar ka ɗaure igiyar tamau, ƙara yoyo take yi. Don kar ya yi hazo ka shafa yawu a ciki ka ɗauraye sama-sama, na san za ka yamutsa fuska musamman da yake na haya ne, to ka wanke shi da sabulu tukuna, in kuma da hali ka sayi naka kai da ita. Irin mai rufe fuska gaba ɗaya ɗin nan da ake tallarshi, ni dai ban ba ka shawara ba, iskar da ke taruwa ciki ta fi yawa kuma cire shi cikin gaggawa ya fi wuya. Ka sani kuma komai cikin ruwa zai yi maka kamar ya fi girma da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ya fi kusa, kar ka dawo Argungu kana ba mutane labarin kifi mai girman buhun shinkafa.

Yanzu shi kanshi wurin. Menai lungun teku ne a kudu maso yammacin Unguja, gwamnatin Zanzibar ta ayyana shi wurin kariya a 1997, faɗinshi wajen murabba'in kilomita 470, da ƙananan tsibirai da tudun rairayi da dajin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri a ciki. Masuntan ƙauyukan wurin ne da kansu sunka fara kuka, saboda masu zuwa da nakiya da taru mai ƙananan idanu suna kwashe komai har ƙwai, ƙungiyar kare namun daji ta WWF ta shigo ta tallafa anka kafa tsarin. Ba wai an hana kamun kifi gaba ɗaya ba ne, za ka ga mutanen gari da ƙugiya da gurar saƙa suna aikinsu, hanyoyin ɓarna ne anka haramta, kuma baƙo yana biyan kuɗin shiga, yawanci yana cikin kuɗin jirgi amma ka tambaya. Wanga tsari ai ba baƙo ba ne gare ka. Gulbin Matan Fada da ake hana kamun kifi cikinshi duk shekara sai ranar biki, Sarkin Ruwa ya ba da izini sannan dubban mutane su auka da homa da gora, mi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru sun ɗaga? Don an bar shi ya girma ne. Bikin da anka fara a 1934, har UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2016, kan wannan haƙurin ya tsaya. Bambancin kawai, a inda za a kai ku babu ranar da ake buɗe wa baƙo, hannunka da ya saba cafke kifi cikin laka sai ka naɗe shi a ƙirji, ido kaɗai ke aiki.

Kuma ga dalilin. Abin da za ka gani ƙasa kamar dutse mai rassa ko mai kama da ƙwaƙwalwa, ba dutse ba ne, rai gare shi. Ƙananan halittu ne dubbai manne da juna, kowace na gina wa kanta gida na farar ƙasa, cikin jikinsu kuma akwai wani gansakuka ƙanƙane da ido ba ya gani, shi ke haɗa musu abinci da hasken rana kuma shi ke ba su kala. Masu dunƙulen nan kamar santimita 1 suke ƙaruwa a shekara, masu rassa kan yi wajen 10. Wato dunƙulen da za ka ce bari in ɗan taka in gyara gilashi, wataƙila ya girmi kakanka, kuma fatarshi mai rai siririya ce a sama, taku ɗaya ya murje ta. Ga shi dama a wahale suke, in ruwa ya ɗara zafin da sunka saba da digiri 1 kacal na wasu makonni sai su kori gansakukan su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu. Haka ta faru a 1998, ta yi wa gaɓar Gabashin Afirka mummunar ɓarna, ta sake dawowa 2016 da 2024. Don haka in kana son hutawa juya rigingine ko ka nemi rairayi zalla, kuma ka lura da takalmin iyon nan mai faɗi, shi ke karya rassa a bayanka ba ka sani ba. Kar ka jefa wa kifi burodi ko da ɗan jagora ya miƙo maka don hoto ya yi kyau, yana ɓata musu ɗabi'a ne. Tauraron teku ma da ake ɗagowa ana hoto da shi, cikin ruwa yake numfashi, a bar shi inda yake. Wasu wuraren sai da ta kai an rufe su, lungun tekun Maya a Tailan an kulle shi daga 2018 sai farkon 2022 anka buɗe, Hanauma a Hawaii da ke ƙarƙashin kariya tun 1967 ba a buɗe shi Litinin da Talata, kuma sai ka zauna ka kalli bidiyon gargaɗi kafin a bar ka ka sauka.

Gaskiya tsakani da Allah, murjanin da ake kai baƙi a Menai ba shi ne mafi kyau a Zanzibar ba, ƙafa ta yi yawa, jirage kan taru wuri guda. Daɗin fitar shi ne komai a haɗe, jirgin katako mai tanti daga Fumba, tudun rairayi tsakiyar teku, gasasshen kifi a tsibirin Kwale, ga kifaye dai ba laifi, mai bakin aku da za ka ji ƙarar yana gurgurar dutse ƙaras-ƙaras, masu zanen baƙi da fari da ke zuwa har gaban gilashinka, da ɗan jan nan mai farin ɗamara da ke ɓuya cikin wata halitta mai yatsu masu harbi. In kai mai son ganin abin da gaske ne kuma aljihu zai ɗauka, nemi Chumbe, ɗan tsibiri ne kusa da birnin Zanzibar, tun 1994 anka hana kamun kifi kwata-kwata a gefenshi na yamma kuma mutane ƙalilan suke karɓa a rana, sai an yi rajista tun da wuri. A nan za ka ga bambancin inda anka bari da inda ake tattakawa.

Batun shak, cire shi daga ranka. In ma ka ci sa'ar ganin ɗaya a irin wannan ruwa mara zurfi, ƙarami ne mai baƙin tabo a fiffike, kuma shi zai riga ka gudu. Abin da ke kai mutane asibiti a ƙasa yake. Na farko bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi, ƙayar na shiga ta karye cikin tafin ƙafa. Sai wani kifi mai kama da dutse da ke kwance cikin rairayi da dafi a ƙayar bayanshi, sai mai dogayen gashi kamar tutoci mai ja da fari, kyakkyawa amma shi ma dafi, sai katantanwa mai siffar mazurari mai zane mai kyau, tana da allurar da take harbi da ita kuma wasu irinta na kisa, ita ce fa irin wadda mutum zai ce bari in sa a aljihu in kai wa yara. Ku sayi takalmin roba mai rufe ƙafa ku biyun, silifas ba ya yi. In ƙaya ta soki mutum a tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, kamar digiri 45, sannan a nufi asibiti, ba tsaga ba tsotsa. In kuma abin nan mai yauƙi mai shawagi ya shafe ka, ɗauraye da ruwan teku, kar ka murza.

Tsaraba ka ga amsar ta fito. Murjani, ƙoƙon kunkuru da manyan katantanwa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, Najeriya da Tanzaniya duk suna ciki, ana iya tare ka a filin jirgi ko da a bakin teku ka saya hannun yaro. Shiga kasuwar Darajani ka sayo kanumfari da kirfa da masoro, su tsofaffin gida za su fi sa maka albarka a kai. Kuma in wani ya yi maka tayin naman kunkurun teku kar ka ci, haramun ne a dokarsu sannan wani lokaci yana ɗauke da guba da dahuwa ba ta kashewa, a watan Maris na 2024 yara 8 da babba 1 sunka rasu a tsibirin Pemba na Zanzibar dalilin shi.

Dolfin kuwa, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye da ake kai baƙi kallo, can gefen ƙauyen Kizimkazi suka fi yawa, kudancin lungun. Ni yadda ake yin shi bai kwanta min ba, jirage masu inji su yi ta bin su suna yanke musu hanya ana ce wa mutane ku faɗa ku faɗa, alhali da yawa uwaye ne da 'ya'ya suna son hutu. Ka gaya wa mai jirginku tun a gaɓa cewa ba ka son a kore su, ya rage inji ya bi gefe, in sun so za su matso da kansu. In kun je can kar ka wuce tsohon masallacin Kizimkazi Dimbani, akwai rubutun Kufi a bangon alƙibla mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107.

Uwargida ta shiga, in dai ita ke so, kar a matsa mata. Laif jaket daidai jikinta a ɗaure, ba a rataye ba, ɗan jagora kusa da ita da taya, kai kuma gefenta ba can wajen bin kifi ba. Mu 'yan Kebbi bai kamata a yi mana dogon wa'azi kan jaket ba, hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah cikin watan Mayun 2021 bai bar zukatanmu ba har yau, in kun ga jirgi babu jaket na kowa ko an cika shi fiye da kima, ku sauka ko da kun biya. Sutura ba matsala ba ce, Zanzibar garin Musulmi ne, ta sami doguwar riga mai dogon hannu da wando na yadin iyo, da hular kai mai kama wuya, mara nauyi. Abin da ba a shiga da shi shi ne zani, atamfa ko dogon hijabi, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa, ta ajiye su cikin jirgi ta mayar in ta fito. Kai ma ka sa riga. Baƙar fata na ƙonewa, kar wani ya ruɗe ka, awa guda kana kife rana na dukan ƙeya da bayan ƙafa ruwa na sanyaya ka ba ka ji, sai dare ya yi ka kasa kwanciya. Rigar ta fi man kariyar rana, don wasu sinadaranshi na cutar da murjani har Hawaii ta hana sayar da su daga 2021. Ku ɗauki ruwan sha da yawa, in ɗayanku jirgi na sa shi amai ya sha maganin tun kafin a tashi. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin na cikin Muwaɗɗa, kuma azahar kan same ku a tsibiri inda akwai wurin shimfiɗa darduma. Ranar azumi dai ban ga amfanin shiga ba, ruwa sai ya shiga baki.

Lokaci: daga ƙarshen Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, ruwa na gurɓacewa. Yuni zuwa Satumba sanyi-sanyi amma iskar kudu na kaɗa teku, kuma Menai kudu take kallo. Oktoba zuwa Fabrairu ya fi kwanciya, ko da yake ana ɗan yayyafi wajen Nuwamba. Takardu kuma kar ka yi sake, mai fasfon Najeriya ba a ba shi bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida an tantance, kuma tana ɗaukar lokaci, ka fara da wuri har da ta iyali. Katin rigakafin shawara dole ne, sannan tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar na karɓar dala 44 kuɗin inshora kan kowane babban baƙo. Agogonsu na gaban namu da awa 2, kuma mutanen gari daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, in mai jirgi ya ce maka ƙarfe biyu na safe to takwas yake nufi, ka sa ya nuna maka a fuskar waya.